Farfesan Kwangila da Rigimar 'Yar Ruwa

Sannu da fama, Bazazzagi. Labari ya iso Kano cewa ka ɗaura ɗamarar yaƙi da Holiwud, sai dai har yau Holiwud ba ta san ana yi ba. An ce duk majalisar da ka zauna sai ta watse. An ce mai shayin unguwarku ya koma tashi da wuri, don da zarar ka kurɓa sai ka tayar da maganar nan taka: wai Turawa sun lalace, sun daina ganin girman littafi, sai marubuci ya rubuta mutum fari su kuma su fito da shi baƙi a fim. Kai da ko fasfo ba ka da shi, ka naɗa kanka wakilin marubutan Turai a Tudun Wada. Allah ya ƙara wa Farfesan Kwangila lafiya, ya rage masa surutu.

Ba hana ka zan yi ba. Na san Bazazzagi in bai yi gardama ba tuwon dare ba ya narke masa. Amma tunda ka dage, gyara zama, yau Bakano zai ba ka karatu, kuma kyauta. Ka riƙe wannan rana da kyau, don ba kasafai muke ba da abu kyauta ba.

Mu fara da wadda ta fi ci maka rai, wato 'yar ruwa. A 2019 kamfanin Disney ya sanar cewa Halle Bailey, wata matashiyar mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, ita ce za ta fito a matsayin Ariel a sabon The Little Mermaid. Fim ya fito a 2023, an kalla, an kwashi kuɗi sama da dala miliyan 500, an tashi kasuwa, kai kana nan kana huci. To Malam, halittar nan fa rabinta mutum ce rabinta kifi. Ka yarda da wutsiyar. Ka yarda ƙaguwa na rera waƙa. Ka yarda a yi hira a ƙarƙashin teku ba wanda ya shaƙe. Launin fata ne kaɗai hankalinka ya ce a'a, wannan ƙarya ta yi yawa. Garinku ko teku babu, daga Kubanni sai Galma. In ka taɓa ganin 'yar ruwa tana shan hantsi a bakin Kubanni, faɗa mana launinta mu huta.

Na san abin da za ka ce, don na san ka tun kana yawo da gajeren wando. Za ka ce amana ce ta littafi, kuma Hans Christian Andersen, mutumin Danmak da ya rubuta labarin a 1837, ya ba ta shuɗin ido. Gaskiyarka, ya ba ta. To amma tunda amanar littafi kake karewa, mu kare ta duka mana. A wajen Andersen yarinyar ko suna ba ta da shi. Mayyar teku yanke mata harshe ta yi. Da ta samu ƙafafu, duk taku ɗaya ji take kamar a kan wuƙaƙe take tafiya. Yarima kuwa wata ya aura, ita ta faɗa teku, babu ɗaurin aure babu kai amarya. Katun ɗin Disney na 1989 shi ya raɗa mata suna, ya ɗora mata jan gashi, ya share wahalar nan kaf, ya ƙare da biki. Wannan fa ba gyaran fuska ba ne, an juya labarin ne gaba ya koma baya. Ban taɓa jin ka yi tari a kai ba. Ashe ba Andersen kake wa kishi ba, katun ɗin da ka leƙa ta tagar maƙwabta kake wa.

Kada ka ɓata rai. In ka ɓata rai kumatunka kan kumbura, kuma ba ya yi maka kyau.

Ga wata tambaya. Wane fim ne kake cewa ba a taɓa yin kamarsa ba, wanda ka kalla har kaset ya tsinke? The Shawshank Redemption na 1994. Wa kake kwaikwayon muryarsa in kana son burge ɗalibai? Morgan Freeman, wato Red, fursunan nan mai samo wa kowa abin da yake so a gidan yari. To a labarin da Stephen King ya rubuta a 1982, Red Bature ne mai jan gashi, jinin Ailan. An sauya shi ƙiri-ƙiri, kuma kai ne kan gaba wajen tafi. Haka Nick Fury, mai ido ɗaya na finafinan Marvel. Da aka ƙirƙiro shi a littafin zane a 1963 farar fata ne. Masu littafin da kansu suka sake zana shi da kamannin Samuel L. Jackson a farkon shekarun 2000, daga 2008 kuma shi Jackson ɗin ya riƙe rol ɗin a fim. Yau in aka kawo maka Bature aka ce ga Nick Fury, kai ne za ka fara cewa jabu ne. Wato in ɗan wasa ya iya aikinsa, dokarka barci take yi. Sai ka ji wasu a Amurka sun fara ihu, sannan ka farka ka taya su, ba ka ko tambayi wa ya mutu ba.

Su kuwa waɗanda kake taya ihun, bari ka ji irin karatunsu. A 2012 aka fito da The Hunger Games, aka ba Amandla Stenberg rol ɗin wata ƙaramar yarinya mai suna Rue. Sai ga wasu sun tashi haiƙan, wai an ɓata musu labari, an mai da Rue baƙa. Alhali a littafin da Suzanne Collins ta wallafa a 2008, baro-baro aka bayyana yarinyar da duhun fata. Su ne suka karanta suka tsallake, ƙwaƙwalwarsu ta shafa mata fari da kanta. Ka ga masu gadin littafi ke nan. Da a ajinka ne, da sifili za ka ba su da jan biro, har ka ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda ka saba zaluntar 'ya'yan mutane.

Yanzu gyara tabarau, wanda ka ɗaure ƙafarsa da zare ka ƙi saya sabo. Ina ganinka a raina: tabarau a ƙarshen hanci, yatsa a sama, burodin da ka tsoma ya jiƙe ya yanke ya faɗa cikin kofi ba ka sani ba, kana cewa wai wannan bidi'a ce ta 'yan zamani. Bidi'a? Farfesa, sauya launi a fim ya girmi mahaifinka. Abin da ya sauya kawai shi ne inda aka dosa.

A 1937 kamfanin MGM ya yi fim ɗin The Good Earth daga littafin Pearl Buck, labarin wani manomi ɗan ƙasar Sin da matarsa O-Lan. A lokacin akwai Anna May Wong, jaruma 'yar asalin Sin haifaffiyar Los Angeles, wadda ta yi suna har Turai. Ba a ba ta rol ɗin ba. Ka san dalili? An riga an ba Paul Muni, farar fata, rol ɗin mijin, ƙa'idar tace finafinai ta Holiwud a wancan zamani kuwa ba ta yarda a nuna soyayya tsakanin jinsi biyu ba. Sai aka ɗauko Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, aka yi mata kwalliyar ido aka ce ga Basiniya. Har kyautar Oscar ta ci da wannan rol. Dubi abin da kyau: saboda miji na bogi ne, dole matar ma ta zama ta bogi, ta gaskiyar kuma ta koma gefe. A 1956 John Wayne, kaboyin nan da kake kwaikwayon tafiyarsa kana yaro har ka kusa karya ƙugu, shi aka liƙa wa gashin baki aka ce Genghis Khan ne, sarkin Mongoliya. A 1965 Laurence Olivier ya shafe jikinsa da baƙin kwalli ya fito a matsayin Othello, aka sa shi cikin 'yan takarar Oscar. Kada ka ce tsohon zance ne. A 2010 Jake Gyllenhaal ne yariman Farisa. A 2016 Tilda Swinton ta karɓi rol ɗin dattijon da littafin zane ya ce mutumin Tibet ne. A 2017 Scarlett Johansson ta ja ragamar Ghost in the Shell, labarin Japan. Duk shekarun nan ina kake? Kana Samaru kana cin awara, shiru kake ji.

Na Japan ɗin nan ma akwai darasi a ciki, in kana da kunnen ji. A can Japan ba a tayar da jijiyar wuya sosai ba, har Mamoru Oshii, daraktan katun ɗin na 1995, ya ce shi bai ga laifi ba. Waɗanda abin ya yi wa zafi 'yan asalin Asiya ne mazauna Amurka. Mutumin Tokiyo kullum yana ganin irinsa a talabijin, rol ɗaya bai rage shi da komai ba. Ɗan wasan da ke Los Angeles kuwa shekara da shekaru yake jiran babban rol, da ya zo sai aka miƙa wa wadda tuni tukunyarta ta cika. Ka ga ashe rigimar ba ta fenti ba ce kawai. Maganar tuwo ce, da maganar wa ake bari ya shiga gidan.

To mu dawo gida, inda zan kama ka da hannu dumu-dumu. Wane littafi ne in an ambata kake miƙe wuya kana cewa a garinmu aka rubuta shi? Magana Jari Ce. Gaskiya ne, a Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta shi a 1936, ƙarƙashin hukumar talifi ta su Dokta East. Kuma masana sun daɗe da bin sawun labaran: wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, shi kansa aku mai ba da labari danginsa na Indiya da Farisa. Imam ya kamo Bajamushe da Balarabe, ya tuɓe musu kayansu, ya sa musu babbar riga da rawani, ya raɗa musu sunayen gida, suka koma 'yan ƙasa har ba mai tambayar asalinsu. Wannan ita ce gwanintar da muke yabo har gobe. Sai kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ka karanta da fitilar ƙwai har hayaƙi ya baƙanta maka hanci. Iliyan nan naka Ilya Muromets ne, gwarzon almarar Rashawa. Birnin Kib Kiyef ne, Sarki Waldima kuma Vladimir. Ka tashi kana ɗaukarsa ɗan ƙauyenku, ban kuma ji Rasha ta aiko da takardar ƙorafi ba. In sauya wa mutumin labari jinsi laifi ne, to babbar cibiyar aikata shi a ƙasar Hausa tana unguwar Tukur-Tukur ta Zariya, kuma kai maƙwabcinta ne.

Na ga bakinka na motsi. Za ka ce mu Kanawa fa, da muka kwashe finafinan Indiya muka juye su a Kannywood har da rawa da waƙa? Mu ai ba mu taɓa musu ba. Ɗan kasuwa ba ya jin kunyar hajarsa. Kuma wa ke saye? Kai. Kai ne ka shigo Kano ka yi layi a silima, kai ke kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, kamar tare kuka yi makarantar allo. Yanzu ma in dare ya yi, uwargida ta yi barci, kai ne ke rage murya kana kallon fassarar Algaita, Shah Rukh Khan na rantsuwa da Hausar Kano tsantsa. Ba'indiye ya yi Kananci ka yi dariya, 'yar ruwa ta yi duhu ka yi kuka. Wannan wace irin mazhaba ce?

To ya isa haka, kada hawan jininka ya tashi a ce ni ne. Zan ba ka naka, don ko agogon da ya tsaya, da Bazazzagi, wani lokaci sukan dace. Akwai inda kake da gaskiya, sai dai ba ka iya faɗinta ba. Launin fata a wani labarin makuba ne, shafen bango kawai: ka sauya shi ɗaki na nan tsaye. A wani labarin kuwa azara ce: ka zare ta rufi ya rufto. Red na Shawshank, launinsa bai riƙe komai ba, shi ya sa ba ka ko lura ba. Othello kuwa baƙo ne a cikin Turawan Banis, baƙuntar nan da launin nan su ne ƙofar da makirci ya bi ya shige shi. T'Challa na Black Panther sarkin wata ƙasar Afirka ne da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, in ka ba Bature rol ɗin ba sauran labari. Ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976: yaro ne da aka sace aka ratsa Sahara da shi a zamanin cinikin bayi, uwarsa na bin sawu. Wa zai kawo mana Bature a nan mu yi shiru? Ni da kai tare za mu fita zanga-zanga, kai a gaba, ni a baya ina sayar da ruwan leda.

Akwai kuma inda marubuci ya zaɓi launin da gangan. Ursula Le Guin ta rubuta littattafan Earthsea, ta sa jaruminta Ged ya zama mai jan duhun fata, domin ta gaji da almarar da kowa a ciki fari ne. A 2004 aka yi fim ɗin talabijin aka mai da shi Bature, matar nan ta fito fili ta yi tir. A lokacin ga marubuciya da ranta tana kuka an ci amanar littafinta, ban ji ka aika mata da jaje ba. Wani lokaci kuma sauyin kan jawo ma'anar da ba a nufa ba. Da HBO ta sanar a 2025 cewa Paapa Essiedu, ɗan Ingila mai tushe a Gana, shi zai fito a matsayin Snape a sabon shirin Harry Potter, masu hankali sun yi tambaya mai kyau: a labarin, uban jarumin ya addabi Snape suna 'yan makaranta, to in wanda ake addaba baƙi ne, masu addabar farare, ba a shigo da wani zance sabo ba? Wannan tambaya ce ta sana'a, marubutan shirin ne za su amsa ta da aikinsu. Da irinta kake yi da na saya maka shayi har da ƙwai. Mutumin tarihi kuwa babinsa daban, don yana da dangi da ƙasa. Da Netflix ta fito da Adele James a matsayin Kiliyofatira a 2023, a shirin da aka kira na tarihi, Masarawa sun fusata har hukumar kayan tarihinsu ta fitar da sanarwa. Wannan gardama ce ta hujja, ba irin taka ta wutsiyar kifi ba.

Yanzu bari Bakano ya yi maganar da ya fi sani. Kana zaton kamfanonin nan tausayin baƙar fata ne ya kama su dare ɗaya? Lissafi ne, ɗan'uwa. Sabon labari caca ne, tsohon labari kuwa kasuwarsa a shirye take, kakanni sun sani, jikoki sun sani. Sai a ɗauko tsoho, a sauya fuska ɗaya, a jawo sababbin 'yan kallo, a kuma samu talla kyauta daga masu fushi. Kai ɗin nan da ke hana mutane shan shayi, ma'aikacin Disney ne, albashi ne kawai ba a ba ka. Wanda ke kwana a ciki shi ne ɗan wasan, shi ake zagi shi da iyayensa, kamfani na gefe yana ƙirga kuɗi. Shi ya sa ni ma ba na rawar kai don an ara mana rigar wani. Na ji daɗi da na ga ƙananan yara baƙaƙe suna tsalle don 'yar ruwa ta yi kama da su, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma aro aro ne. Black Panther ya tara sama da dala biliyan 1.3 a 2018 ba tare da an sauya wa kowa launi ba, don tun asali jarumin namu ne. Abin da ya kamata mu yi wa hayaniya ke nan: a ba da kuɗi da kyamara a yi labaran da tun daga tushe mu ne a ciki.

A nan ne zan murɗe maka kunne na ƙarshe. Kuna da Sarauniya Amina. Kuna da ganuwa, kuna da Turunku, kuna da jami'a cike da masana tarihi da masu koyar da wasan kwaikwayo. Da aka tashi yin babban fim a kanta, wanda ya hau Netflix a 2021, Izu Ojukwu ne ya ba da umarni, kuma da Turanci jarumar ta yi yaƙinta. Ya yi ƙoƙarinsa, ya sa ƙarfinsa inda ku kuka sa baki. Kai me ka yi? Ka kalla a wayar aro, ka lissafo kurakurai a tufafi da lafazi, ka koma kan 'yar ruwan Danmak. Mai ɗaki ya bar ɗakinsa na yoyo ya tafi gadin na maƙwabci.

Saboda haka ga hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Duk lokacin da ka ji an sauya wa wani launi a fim, tambaya biyu za ka yi kafin ka buɗe baki: launin nan yana riƙe da labarin, ko kuwa? Ɗan wasan ya iya, ko bai iya ba? In bai riƙe komai ba kuma an iya, sha shayinka ka bar mutane su sha nasu. Sauran ƙarfin da ya rage, ɗauki biron nan da kake kayar da ɗalibai da shi ka rubuta mana labarin Amina da Hausar Zazzau, duk da dai sai mun sa an fassara mana. Ku kawo ilimi, mu kawo jari, riba kuma mu za mu riƙe muku amana.

A gaida uwargida, a ce ina yi mata sannu da haƙuri. In cika-ciki ta zo ka aiko min da kuɗin shara, kada ka fake da cewa ba a yi albashi ba. Fili na nan a buɗe, Farfesa. Rama in ka isa.